Ƙafafu a Ƙarƙashin Motar Mai Kemis

Sharaɗi ɗaya tak Inna ta gindaya wa Kunne a kan auren Auta, wai sai ya bar kanikanci.

"Ni ban ce kana da aibi ba, ɗan nan," haka ta gaya masa ranar da ya fara shiga gaishe ta. "Na sa an bincika, an ce kana da salla, an ce ba ka da abokin faɗa. Amma 'yata ba za ta auri mai kwanciya a ƙarƙashin mota ba, ko da kuwa shi kaɗai ya rage namiji a duniya."

Babu wanda ya ga laifinta a unguwar, don kowa ya san abin da ya same ta. Mahaifin Auta bakanike ne, kuma a ƙarƙashin mota ya cika ranar da jak ya zame masa, lokacin Auta tana goye. Yanzu Autar ta girma har tana koyarwa a makarantar yara, amma Inna har gobe in ta ji warin baƙin mai sai ta tofar da yawu ta sauya hanya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Shi kuwa Kunne ba a banza ya samu sunan ba. In mota ta gagari kowa a gareji, sai ya ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma. Can sai ya ɗago ya faɗi inda ciwon yake. Sunansa na yanka ma an manta da shi, har uwar da ta haife shi Kunne take ce masa.

Ba wai sana'ar daɗi gare ta ba. Rana ta gasa ka, salansa ta ƙona maka hannu, bayanka ya riƙe tun ba ka tsufa ba, sannan mai mota ya zo yana yi maka kallon ɓarawo wai ka sauya masa batir. Kanikawan garejin kullum cikin tsine wa aikin suke, kowa na cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe, kuma kullum su ne a bakin ƙofa tun kafin a buɗe. Daɗin da mutum ke ji sa'ad da inji ya tashi bayan an fid da rai da shi, wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba ko an wuni ana yi masa bayani.

Duk da haka, da aka ɗora Auta da gareji a sikeli, Auta ce ta rinjaya. Kunne ya goge sufanoninsa, ya miƙa wa maigidansa makullin akwatin kayan aiki. Tsohon bai ce kome ba sai "Allah ya sa alheri," sannan ya juya ya hau zagin wata mota da ba ta yi masa laifin kome ba.

Kawun Auta ne ya samo masa aiki a shagon katifa.

Shagon katifa, jama'a! Wurin da babu abin da ke lalacewa, babu abin da ke ƙara. Mai saye ya shigo ya danna wannan da yatsa ya ce ta yi tauri, ya danna waccan ya ce ta yi laushi, ya tafi wai sai ya yi shawara da matarsa. Kunne ya wuni a kujerar roba cikin riga mai guga yana kallon titi. Watanni suka shuɗe, hannuwansa suka yi fes, kantar tafinsa ta baje. Shi kansa ya rame har wando ya fara yi masa yawa.

Ran nan da yamma sai ga Auta ta biyo ta shagon bayan an tashi makaranta, rungume da littattafan yara, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Injiniya, albishirinka!"

"Goro fari."

"Inna ta ce ka zo ranar Asabar bayan la'asar. Da bakinta ta faɗa, wallahi ba ni na roƙa ba. Ta ce hannunka take so ta gani."

"Hannuna kuma?"

"Hannunka. Ta ce baki yana ƙarya, amma farcen bakanike ba ya yi." Ta zauna a gefen wata katifa mai leda. "Ka dai zo da wuri, don ranar ce Mai Kemis ke kawo mata maganin hawan jini. Ka san ba maganin ne ke kawo shi ba."

Ya sani sarai. Mai Kemis shi ne ɗaya manemin, mutum mai tsafta da fara'a, wanda Inna ta so a ce shi Auta ta kawo mata. Abin haushin shi ne Kunne ya nemi laifin mutumin nan har ya gaji bai samu ba.

Auta ta shiga ba shi labarin ɗakin da ta gano musu, da irin labulen da za ta sa, da inda za ta ajiye teburin duba aikin yara. Tana cikin magana wata mota ta wuce tana wani siririn kuka, kan Kunne ya bi ta har ta sha kwana.

"Injiniya, me na ce?"

"Kin ce labule."

"Na wuce labule tuntuni."

"Yi haƙuri. Motar can ce, fambel ɗinta ya saki, da wuya ta kai gida."

Ta yi 'yar dariyar yaƙe, ta tsura masa ido. "Kana kewar garejin ko?"

"Wace irin kewa? Ga fanka, ga kujera. Wa ya kai ni hutu a garin nan?"

"To me ya ramar da kai?"

"Son ki mana."

"Bakinka dai bai rame ba," ta ce. Ta tattara littattafanta ta tafi, amma ba da murnar da ta shigo da ita ba.

Ranar Asabar ya sa fararen kayansa, ya yi sallama, ya durƙusa a falon Inna. Bayan gaisuwa ta ɗauko tabarau ta maƙala.

"Miƙo su nan."

Ya miƙa hannuwan.

"Juya."

Ya juya. Ta daɗe tana bin faratan da ido ɗaya bayan ɗaya, sai da ya ji gumi na bin bayansa. Can ta cire tabarau, ta goge ido da gefen mayafi.

"Hannun Malam bai taɓa yin haka ba, ko ranar aurenmu," ta ce a hankali. Malam take kiran marigayi mijinta. "Ka cika alkawari, ɗan nan, kuma na san ba abu ne mai sauƙi ba. Allah ya yi maka albarka. Zan yi magana da kawunta, kai kuma ka ce wa manyanka su shirya."

Kunne ya yi ta godiya. Ya ji motsi a bayan labule, ya san Auta ce. Ya fito yana jin kamar ya rungumi duk wanda ya gani a hanya.

Da a lokacin ya kama hanyar gida, da shi ke nan, sai biki. To amma yana fitowa sai ga ƙaramar motar Mai Kemis ta karyo kwana, kuma tun kafin ta tsaya kunnen nan nasa da ba ya hutu ya tsinci wani busasshen ƙas-ƙas a cikin injin. Ya dubi ƙasa, ya ga ɗigon baƙin mai ya yi layi a bayanta tun daga bakin titi.

Mai Kemis ya fito da ledar magani, ya miƙo masa hannu. "A'a, ɗan'uwa, ashe kana nan. Ina wuni?"

"Lafiya lau. An yi wa motar nan juyen mai kwanan nan?"

"Jiya-jiyan nan."

"To ba a ɗaure notin ƙasa da kyau ba, man zuba yake yi. Dubi bayanka. In ka sake tayar da ita a haka, inji zai buga."

Mai Kemis ya duba, ya riƙe baki. "Allah ya saka da alheri. Bari in shigar wa Inna maganinta, in na fito sai in kira a ja ta. Kai dai kada ka wahalar da kanka, ga ka da fararen kaya."

A nan dole a yi wa Mai Kemis adalci, bai roƙi Kunne kome ba. Kunne ne da bakinsa ya ce, "Ba ni makullin in ga abin da ya rage kawai."

Ya buɗe murfin inji, ya zaro tsinken gwada mai, ya ga da kyar ya jiƙa bakinsa. Ƙarƙashin motar kuwa man na ta ɗiga a kan yashi, ɗis, ɗis. Tausayin injin ya kama shi, don a wurinsa barin inji ya zubar da mansa daidai yake da tsallake mai ciwo a hanya. Ya ce a ransa ai noti ɗaya ne, murɗawa kaɗan ce, kafin kowa ya fito ya gama ya wanke hannu.

Ya buɗe but ɗin motar ya tarar da jak da 'yar sufana. Motar gajera ce, sai an ɗaga. Shi da ya sha yi wa mutane faɗa a gareji a kan shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ba a tokare ta ba, ranar ko dutse bai nema ba, kuma a kan yashi. Ya ɗaga ta, ya kwanta da fararen kayansa, ya silale ciki.

Ɗumin injin ya daki fuskarsa, warin baƙin mai ya cika masa hanci. Sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe, wani numfashi da ya daɗe bai yi ba ya fito. Yatsunsa suka lalubo notin ba tare da ido ba, suka gaya masa zaren ya cinye, sai an bi shi da lallami kafin ya kama. Ya shiga lallaɓa shi, man na bin hannunsa har gwiwa. Bai san lokacin da ya fara yin fito da bakinsa ba.

Wata irin ƙara ce ta katse shi.

"Malam! Malam!"

Hannuwa biyu suka damƙi idon sawunsa, aka fizgo shi da ƙarfin da bai taɓa zaton mace na da shi ba. Goshinsa ya bugi ƙarfe, bayansa ya kwashi yashi, sai ga shi a waje rana na dukan idonsa.

Inna ce, babu mayafi, babu takalmi, durƙushe a cikin yashi tana ta jan ƙafafunsa ko da ya riga ya fito.

"Ku ɗaga motar! Jama'a, ku ɗaga masa motar! Malam, ka yi mini magana! Don Allah ka yi mini magana!"

Idonta a buɗe yake amma ba shi take gani ba. Maƙwabta suka fito a guje. Mai Kemis ya tsaya riƙe da kai yana salati. A bakin ƙofa kuma ga Auta, hannunta a kan baki, ba uwarta take kallo ba, fuskar Kunne take kallo. Abin ya zo masa da sauri har murmushin da yake yi a ƙarƙashin motar bai gama barin fuskarsa ba.

"Inna, ni ne," ya ce. "Ni ne, Inna, lafiyata ƙalau."

A hankali hankalinta ya dawo. Ta dubi farar rigar da ta koma baƙa, ta dubi hannuwan da ta gama sa wa albarka ɗazu, ta dubi sufanar da har yanzu take riƙe a cikinsu.

"Kai ne," ta ce. "A ƙofar gidana."

Sai ta sulale ƙasa a sume. Mata suka kama ta suka yi ciki da ita, Mai Kemis ya bi su da sauri.

Kunne ya sauke motar, ya mai da jak da sufana inda ya ɗauko su, ya zauna a dakalin ƙofar gida. Mutane suka watse suna girgiza kai, ya ji wata tsohuwa na cewa hali zanen dutse ne. Ya ɗebi yashi ya yi ta murza hannuwansa, amma man ya riga ya shige ƙarƙashin farce.

Sai da rana ta yi sanyi Auta ta fito. Idanunta sun kumbura. Ta zauna a ɗaya gefen dakalin, nesa da shi.

"Yaya jikin Inna?"

"Jinin ne ya hau, ya fara sauka. Mai Kemis yana wurinta."

"Auta, wallahi noti ɗaya ne. Ban yi niyya ba, gani na yi man na zuba..."

"Ka san abin da ya fito da ita?" ta katse shi. "Inna da ba ta leƙa ƙofar gida? A gabana ta ce wa Mai Kemis ya yi haƙuri, ta ba ka ni. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sanya alheri. Da ya ce kana waje, sai ta ce bari ta kira ka da kanta ku gaisa a gabanta, kada gaba ta shiga tsakaninku. Da dariya ta fita, Injiniya. Da dariya!"

Kuka ya ci ƙarfinta. Ya zauna yana kallo, ba shi da ko hannu mai tsaftar da zai miƙa mata hankici.

"Haka ta sami babana," ta ci gaba da kyar. "Ta kai masa abincin rana ina goye a bayanta, ta ga ƙafafunsa a waje kamar kullum. Ta ajiye kwanon ta tsaya tana yi masa hira, har tana yi masa tsiya wai ya ƙi amsa sallama. Ta daɗe tana magana da ƙafafun nan kafin ta gane. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai ni."

Kunne ya dafe kai. "Ban sani ba. Wallahi ban san haka abin yake ba. Ki bari in shiga in durƙusa mata. Ko a kawo Alƙur'ani in dafa, ba zan sake taɓa mota ba har in mutu, ko tawa ce."

"Kada ka rantse."

"Zan rantse, Auta!"

"Na ce kada ka rantse!" Ta juyo ta fuskance shi, hawaye na zuba ba ta damu da sharewa ba. "Na ga fuskarka lokacin da ta janyo ka. Tun da ka shiga shagon katifa ban ga fuskar nan ba. Ko ɗazu da Inna ta ce ka turo manya ina bayan labule ina kallonka, ka yi murna, ban ce ba ka yi ba. Amma ba irin wannan ba ce."

"Haba, Auta, me ya haɗa ki da mota?"

"To ka dube ni ka gaya mini gaskiya, don girman Allah. Da kake ƙarƙashin motar nan, ka ji daɗi?"

Ƙarya tana bakinsa, kaɗan ya rage ta fito. Amma yarinyar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba, kuma ta haɗa shi da Allah. Ya sunkuyar da kai.

"Na ji."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa rasuwar da take tsammani.

"Amma zan iya jurewa," ya ce da sauri. "Na jure watannin nan, zan jure shekaru. Ke na zaɓa, Auta, ba wanda ya tilasta ni."

"Za ka iya, na sani. Shi ne abin da ba na so. In na aure ka kana shagon katifa, kullum ina kallonka kana ƙarewa, mota ta wuce ka bi ta da kai, kuma na san ni ce sila. In ka koma gareji, Inna ce za ta ƙare. Ni ma da nake cika baki ba na tsoro, yau na ga ƙafafun nan da idona. Duk ranar da ka yi jinkirin dawowa gida su zan riƙa gani."

"Inna ce ta ce ki rabu da ni?"

"Ba ta ce ba. Da ta buɗe ido hannuna ta riƙe, ta ce, 'Auta, kada ki bari in sake gani.' Shi ke nan. Da ma tilasta mini ta yi, da na samu wanda zan yi fushi da shi."

Shi ma hawayen suka zubo masa, ya kai hannu ya share, ya bar baƙin shati a kumatunsa. Da a wata rana ce da ta yi masa dariya har ta riƙe ciki.

Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta dubi motar da ke tsaye a gabansu.

"Ka gama ɗaure notin?"

"Na dai kama shi. Zaren ya cinye, sai an sa sabo."

"To in an ja ta gobe, garejinku za a kai ta, ni zan gaya wa Mai Kemis. Ka yi aikin da hannunka, a kan ramin gyara, kada ka yarda da jak."

"Auta, me kike nufi?"

Ta kama ƙyauren gidan ta riƙe, bayanta ta juya masa, kafaɗunta na rawa.

"Ka ɗaure shi da kyau, Injiniya. Ban yarda da hannun kowa ba sai naka, kuma nan gaba ni motar tasa za ta riƙa ɗauka."